Mai Koyarwa Da Bai Ci Kofi Ba

Yau za mu fara maganarmu daga filin ƙwallo. Kada dattawa su yi mamaki, gama Ubangiji kansa da abin da mutane suka saba gani yake koyarwa.

A shekara ta 1989 aka ɗauki wani mutumin ƙasar Holan, Clemens Westerhof, domin ya koyar da 'yan ƙwallon ƙafa na Nijeriya. A 1990 suka tafi Aljeriya neman kofin Afirka. A wasan farko Aljeriya ta zuba musu ƙwallo 5, su kuwa 1. Suka daure har suka kai wasan ƙarshe, Aljeriya ta sāke cin su da 1. A 1992 a ƙasar Senegal, Gana ta fitar da su gab da ƙarshe, suka zo na uku. Shekara uku ke nan, babu kofi. Kun san bakin 'yan kallo. In ba kofi, ba wanda yake so ya ji bayani, sai dai a kori mai koyarwa.

Amma ba a kore shi ba. Shi kuma bai zauna ba. Ya yi ta neman samari yana goya su, irin su Daniel Amokachi wanda ya taso a Kaduna. A watan Oktoba na 1993 Nijeriya ta sami shiga gasar kofin duniya, abin da ba ta taɓa yi ba. A watan Afrilu na 1994 a birnin Tunis, suka ci Zambiya 2 da 1, suka ɗauko kofin Afirka, wanda rabon ƙasar da shi tun 1980.

To, ko wannan yana nufin kowane mai koyarwa a bar shi har abada? A'a. Mu buɗe Luka sura 13, aya 6 zuwa 9. Yesu ya ba da misalin wani mai gona da yake da itacen ɓaure. Shekara uku yana zuwa neman 'ya'ya, bai sami ko ɗaya ba. Ya gaji, ya ba da umarni a sare shi. Sai mai lura da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda, ya yi alkawari zai tone gindin itacen ya zuba taki. In bai yi 'ya'ya bayan haka ba, to, sai a sare.

Ku lura, 'yan'uwa, wanda ya roƙi lokaci shi ne ya ɗauki fartanya. Haƙurin da Yesu ya nuna mana a nan, haƙuri ne mai aiki, mai kuma iyaka. Saboda haka kafin ka ce a kori mutum, ka duba gindin itacen. Ana tono? Ana zuba taki? Yara suna ƙaruwa a hannunsa? In haka ne, ka ba shi lokaci. In kuwa barci yake yi a inuwa, shekara goma ma ba za ta kawo kofi ba.

Yanzu mu baro filin ƙwallo mu dawo gida. Akwai fasto da ya yi shekara uku a ikkilisiyarku, sujada ba ta cika ba, har kun fara gunaguni. Kun taɓa zuba masa taki da addu'a da goyon baya? Akwai ɗanka da ya faɗi jarrabawa sau biyu. Ka zauna da shi, ko kuwa gatari kaɗai ka wasa?

Abu na ƙarshe, ni da kai mu ne itacen nan. Shekara nawa Allah yake zuwa neman 'ya'ya a rayuwarka? Bai sare ka ba, domin Yesu yana roƙo dominka. Amma kada ka ɗauki haƙurinsa kamar mantuwa. Wataƙila wannan shekara ita ce wadda aka ƙara maka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode da ba ka yi saurin sare mu ba. Ka koya mana mu yi haƙuri da waɗansu kamar yadda ka yi da mu, ka sa mu ba da 'ya'ya tun muna da lokaci. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.