Lacca Kan Ƙwayar Zarra da Wa'adin Rushewarta

 

Waɗanda suka yi nisa a karatun tauhidi sun san bahasin malamai a kan jauharul fardi, juzu'in da ba ya karɓar rabuwa. Kuma ko da yake mas'alar tasu daban ce da ta masu awo da gwaji, masanan Turai ma, har kusan ƙarshen ƙarni na 19, sun ɗauki ƙwayar zarra abu ne tabbatacce da ba ya sāke hali. Wannan zato ya soma rushewa a Faris a 1896, sa'ad da Henri Becquerel, da ya ga gajimare ya rufe rana, ya ajiye gishirin yuraniyom a aljihun tebur bisa farantin hoto naɗe da baƙar takarda, amma da ya wanke farantin sai ga tabo ya fito, alhali babu hasken da ya taɓa shi. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom, a 1911 kuma Rutherford ya bayyana a Manchester cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya, wadda in da za a buɗa zarra ta kai faɗin filin Idi, ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyarsa ba.

Wasu cibiyoyin ba su da natsuwa, sai su fashe, su fid da tururi iri uku: alfa, wanda takarda ke tarewa, beta, wanda sai falle na ƙarfe, da gama, wanda ba ya raunana sai an gitta masa darma ko kankare mai kauri.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne wa'adi. Babu mahalukin da zai nuna zarra guda ya ce gobe za ta fashe, amma idan suka taru da yawa, rabinsu na rushewa cikin muddar da ba ta saɓawa, sa'an nan rabin abin da ya saura cikin mudda irin ta farko, haka har illa masha Allahu. Kuma wuta ba ta gaggauta wannan hisabi, sanyi ba ya jinkirta shi. Ga ayodin 131, da likitoci ke maganin cututtukan maƙoƙo da shi, muddar kwana 8 ce. Ga kabon 14 shekara 5,730 ce, da ita aka ƙiyasta cewa kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe ya kai wajen shekara 8,000. Radiyom shekara 1,600, yuraniyom 238 kuwa wajen shekara biliyan huɗu da rabi.

Daga nan fa'ida take, daga nan kuma hatsari. Marie Curie ta rasu a 1934 da ciwon jini da ake dangantawa da aikinta, littattafan da ta yi rubutu a ciki kuwa har yau a akwatunan darma suke.

Kada wani ya ce zancen nesa ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, kuma tarkacen da ke saura bayan an tace dutsen yana ɗauke da radiyom, wanda zai ci gaba da fid da tururinsa bayan mu da jikokin jikokinmu mun kwanta dama. A ganina, amanar irin wannan tarkace ta fi ƙarfin alkawarin baka. Tana bukatar 'yan ƙasa masu iya auna ruwa da ƙasa da iska da kansu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, saboda haka ina roƙon iyaye da malamai su ƙarfafa wa yara gwiwa a lissafi da kimiyya, su tura su can.