Jawabin Shugabar Mata: Mu Kai Wa 'Yan Majalisarmu Buƙata Guda

Ga abin da na faɗa a taronmu, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kwanakin baya a gidan biki wata baiwar Allah ta yanke jiki ta faɗi a gabanmu. Wasu na yayyafa mata ruwa, wasu na fifita, wasu na cewa iska ce. Kafin a samo Keke Napep a kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Kwana ya ƙare, haka ne. Amma mu mata sama da talatin a tsakar gidan nan, ba wadda ta san abin yi.

Likitoci sun ce idan zuciya ta tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa. Daga Kofar Marusa ko Sabuwar Unguwa, wa zai kai Babban Asibiti cikin minti 5? Abin da ke riƙe rai kafin a isa shi ne danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wanda ma'aikatan lafiya ke kira CPR. Hannu biyu kawai yake buƙata, kuma ana koyonsa a wuni guda.

Me ya sa mu mata? Idan maigida ya faɗi cikin dare, ke ce a kansa. Idan mace ta faɗi, namiji zai ji nauyin taɓa ƙirjinta, sai 'yar'uwarta mace. Ga hawan jini ya cika gidajenmu, ga ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi bincike a kai tun shekarun 1970.

A Ingila, tun 2020 aka sa wannan darasi cikin karatun makarantun gwamnati. Mu ma za mu iya. Majalisar Dokokin Jihar Katsina na da mambobi 34, kuma da ƙuri'armu suka shiga. Su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗi. Ga abin da za mu nema:

Na ɗaya, a koyar da ceton rai a sakandaren 'yan mata da na maza, da makarantun Islamiyya na matan aure.

Na biyu, a sa kuɗi a kasafi don horar da ma'aikatan asibitocin mazaɓu 361 da ungozomomi, a kuma riƙa awon jini kyauta ga masu ciki da masu jego.

Kowace shugabar mazaɓa ta tara mata goma, a rubuta takarda, kowa ta sa hannu ko ta dangwala. A kai ofishin ɗan majalisa kafin gwamna ya gabatar da kasafi, a karɓo shaidar an karɓa. Bayan sati biyu a koma. Don Allah, ranar nan kar wadda ta roƙi atamfa ko kuɗin mota. In an haɗa roƙo da buƙata, roƙon za a biya, a manta da takardar.

Ranar 29 ga Satumba ce ranar zuciya ta duniya. Ina so kafin ta zagayo kowace mazaɓa ta turo mini hoton takardarta a nan.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.