Ni Da Kuntigina: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara Na Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamanmu, iyayenmu dattawa, 'yan uwana fatake, da 'ya'yanmu matasa, ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan an yi Salla lafiya.

A zaman da ya gabata an kawo shawarar cewa a hana kowane irin kiɗa a hidimomin ƙungiya. Shugaba ya ce kafin a yanke hukunci a bar ni in ce wani abu, tunda dai duk Sabo an san ni da ɗan gwangwanina. To, an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ni ba malami ba ne, iyakar karatuna Islamiyya, saboda haka ba fatawa na zo bayarwa ba. Labarin kaina kawai zan ba ku, in na gama ku auna.

Ni ɗan ƙasar Haɗeja ne, ƙasar Haruna Uji mai gurmi. Amma wanda ya ɗauke mini hankali tun ina yaro shi ne Ɗan Maraya Jos. A rediyon wani mai shayi na fara jin sa, na tambaya wane irin abu yake kaɗawa, aka ce kuntigi ne: gwangwanin kifi, a rufe bakinsa da fatar akuya, a sa sanda da tsirkiya ɗaya tak. Na ce ashe abin da ya kai mutum gidan rediyo ana iya tsintar sa a juji. Na samo gwangwani, na roƙi guntun fata wajen dukawa, na haɗa nawa a ɓoye. Na farko bai yi ba, na biyu ma haka, sai a na uku ya yi magana.

Ranar da mahaifina ya gane, Allah ya jiƙansa, bai doke ni ba. Hannuna ya kama sai gidan malaminmu. Ya ce gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Malam ya yi shiru can, sa'an nan ya ce shi ba ya son abin, kuma malamai sun yi magana mai yawa a kai. Amma idan na ƙi bari, to in riƙe abu uku: kada ya hana ni salla a kan lokaci, kada in yi batsa ko zambon wani, kada kuma in miƙa hannu a ba ni ko kwabo dominsa. Wallahi yau shekara 40 ke nan ban saɓa ko ɗaya ba.

Ina da shekara 16 aka turo ni nan Shagamu wajen kawuna, in koyi cinikin goro. Waɗanda suka yi yaron gida sun san aikin: zaɓe, ware goriya daga marsa da minu, tsince mai sankara, jera ganye, ɗaure huhu. Da dare kuwa kewar gida ta taso. Nan na gane Kurmi ba ƙasar kuntigi ba ce. Da damina ta kama sai fatar ta saki saboda laima, sautin ya mutu, sai ka kai ta kusa da garwashin mai tsire ta ɗan ji ɗumi kafin ta dawo. In kuwa ka hau da ita Arewa cikin hunturu, ta ɗame har ka ji tsoron kada ta tsage.

Da aka fara sa ni rakiyar kaya, kuntigi na cikin aljihun riga. Daga nan a bi Badun, Ogbomosho, Ilori, a haye gadar Jabba, a yada zango a Makwa, a miƙe har Kano, a sauke a kasuwar Mariri. Mota in ta lalace a daji akan yi kwana biyu ko uku, kai kuwa hankalinka na kan goro kada ya bushe. A irin wannan daren nakan ciro abina. Direba da yaransa su matso, su ce in yi musu “Karen Mota” ta Ɗan Maraya, su yi ta dariya domin da su ake. Wani direba ya taɓa ce mini in zauna gaba in yi ta kaɗawa, gara ya ji ni da ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari. Na kaɗa daga Tegina har gari ya waye.

Fatauci ya kai ni har Kumasi ta Kwatano da Lome. Duk zangon da na sauka, in na gama da mai masauki aka yi sallar lisha, sai samari su taru. Wasunsu a can aka haifi kakanninsu, ba su taɓa ganin Kano ba, Hausarsu ta sha bamban da tamu. Amma da na fara, sai ka ga dattijo ya jawo buzunsa ya matso. Wani tsoho a Kumasi ya ba ni kuɗi, na ce masa an yi mini iyaka. Da safe sai ga shi da ƙwaryar koko, ya ce wannan ai ba kuɗi ba ne.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya taɓa ja mini. Da na je neman aure, wani ya kai wa surukina gulma cewa maroƙi zai ba 'yarsa. Aka tsayar da magana wata uku. Sai da kawuna ya ɗauki dattawa biyu suka je suka shaida cewa wannan yaro rumfarsa gare shi, bai taɓa tsayawa ƙofar kowa ba. Ba raina maroƙa nake yi ba, sana'arsu ce ta gado. Amma mai kiɗa don nishaɗi daban, mai kiɗa don abinci daban, kuma mu Hausawa mun cika haɗa su a kwando ɗaya.

Shekarar 1999 ba za ta fita daga raina ba. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu. A watan Yuli kuma aka yi rikicin nan na Shagamu, wanda da yawanku kun gani da idonku, an rasa rayuka da dukiya, Allah kada ya maimaita mana. Na kwashi iyalina a bayan babbar mota muka nufi gida. Ban fita da komai ba sai rigar wuyana, kuntigi kuwa na cikin aljihunta. Yara suna ta kuka, manya sun yi jugum. Bayan mun haye Jabba wata tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, ko za ka ɗan taɓa musu abin nan naka su yi barci?” Na taɓa a hankali, ba waƙa. Yaran suka yi barci.

Da muka dawo, gaisuwa ma ta yi wuya tsakaninmu da maƙwabta. Akwai wani Bayarabe a bayan layinmu mai kaɗa goge, su “goje” suke cewa, irin na kiɗan sakara da Yusufu Olatunji ya yi suna da shi. Mun saba zama tare kafin rikici. Wata rana da yamma na ji yana kaɗawa daga gidansa, na ɗauko nawa na amsa daga ƙofata. Kwana uku muna haka, a na huɗu ya zagayo ya yi mini jaje. Yau ɗansa ne ke haɗa ni da manoman goro.

To, ga abin da ke damuna. Ɗan Maraya ya rasu a 2015. A nan Sabo, masu iya kaɗa kuntigi ko gurmi ko garaya da na taras, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yanmu da aka haifa nan sun fi sakewa da Yarabanci da Turanci, kuma ba laifinsu ba ne. Kwanan baya na yi wa jikana waƙa, ya tambaye ni ma'anar “tsirkiya” da “madugu”. Jikan bafatake bai san madugu ba, jama'a! Abin da yara ke ji a waya kuma kun fi ni sani. In muka hana na gida, wancan ba zai daina shigowa ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a hana abin da ya cancanci hanawa: lasifika har tsakar dare, cakuɗuwar maza da mata, liƙi na almubazzaranci, da zambo. Ni ne zan fara ɗaga hannu a kan haka. Na biyu, a bar mana yamma ɗaya bayan Babbar Salla, tsakanin la'asar da magariba, malamai su duba waƙoƙin tukuna. Na uku, sakataren matasa ya ɗauki wayarsa ya bi dattawan da suka rage ya naɗi abin da suka sani, a ajiye a ofis. Ni kuma duk yaron da iyayensa suka yarda, bayan ya taso daga Islamiyya, zan koya masa haɗa kuntigi kyauta, tare da sharuɗɗan nan uku da malamina ya ɗora mini.

In kwamiti ya ga ba haka ba, na bi, zan ci gaba da kaɗa abina a ɗaka. Inda na yi kuskure malamai su gyara mini, wanda na ɓata wa rai ya yafe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya yi wa kasuwa albarka, ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.