Jawabi Kan Sayen Kwamfuta, Daga Taron Ƙungiya Na Wata

Shugaban taro, iyayenmu, malamai da 'yan'uwa Hausawa mazauna Gashuwa, barkanmu da zuwa.

An nemi mu ce wani abu kan sayen kwamfuta, domin tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin nan a 2013, kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da wuya a sami gidan da yaro bai tasa ubansa gaba da maganar laftaf ba. Mu ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne, abin da muka sani a wurin saye da sayarwa muka koye shi, wani ma da hasara.

To, in kun je Kano, ko Beirut Road ko Farm Centre, abin da mai shago zai fara kambama muku shi ne girman rumbun ajiya, watau had dis: gigabait 500 ne, terabait 1 ne. Girma daban, sauri daban. Tsohon samfurin rumbun faifai ne ke juyawa a ciki, da wata 'yar allura mai karantawa, kamar garmaho. Na laftaf galibi yana juyi 5,400 a minti ɗaya, na kwamfutar tebur 7,200, abin da yake iya kawowa a daƙiƙa kuwa bai cika wuce megabait 100 zuwa 150 ba. Sabon samfurin, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ɗan'uwan memorin waya ne. Wannan ya fi dacewa da mu, don yaro zai rataya jaka ya hau acaɓa, ko ya shiga motar Nguru, kuma mai faifai ba ya son jijjiga, balle faɗuwa yana cikin aiki. Mun taɓa rasa lissafin bashin shekara guda a haka, muka koma bin mutane muna tambayar kowa nawa muke binsa. Allah Ya saka wa waɗanda suka faɗi gaskiya.

Sai maganar mahaɗi, watau ƙofar da rumbun ke shiga jikin kwamfuta, kuma a nan ne aka fi cutuwa. Tirela komai lafiyarta, ba ta wuce abin da hanya ta ba ta. Tsoffin kwamfutoci suna da IDE, mai faffaɗar igiya, ƙarshen gudunsa megabait 133. Wannan ko kyauta aka ba ku ku yi tunani. Bayansa SATA ya zo a 2003, na ukunsa a 2009, wanda SSD ke kai kimanin megabait 550 a kansa. Akwai kuma NVMe, ɗan siriri kamar tsinken cingam, da ake cusawa a ramin M.2, shi yana kai 3,500, sababbin ma sun wuce haka nesa. Amma a kula, ba kowane ramin M.2 ne ke karɓar NVMe ba, wani SATA ne kawai a ciki. Kada ku biya kuɗi sai an sa shi an kunna a gabanku.

A ganinmu, yaron da aikinsa rubutu ne da bincike ba ya buƙatar NVMe. Laftaf ta hannu mai SATA, a cire tsohon faifan a sa SSD mai gigabait 256, za ku ga ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan, alhali da sai ka yi alwala ka dawo. Tsohon faifan kuma kada a bar wa mai shago. A saya masa 'yar kwasfa ta USB 3.0, wadda galibi cikin bakinta shuɗi ne, a riƙa kwafe muhimman takardu a ciki kowace Juma'a, domin shi SSD in ya mutu sau da yawa ba ya sallama.

Duk mai shirin zuwa Kano saye, ya same mu bayan an tashi mu rubuta masa abin da zai tambaya.