Cajar Waya Za Ta Iya Cajin Tabilet?

Wannan jawabi ne da aka shirya domin malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu.



Yanzu a ƙauyuka ana yawan ganin babbar wayar nan mai faɗi kamar allo, wadda ake kira tabilet. Ma'aikatan lafiya da malaman gona suna yawo da ita. Wasu iyaye kuma suna saya wa yara don karatu. Idan cajarta ta ɓata ko ta lalace, sai mutum ya ɗauko cajar wayarsa yana tambaya: shin wannan za ta yi, ko kuwa za ta ƙone mini kaya?

Amsa ita ce za ta yi, in dai cajar mai kyau ce. Sai dai cajin zai yi jinkiri. Mai son ya tabbatar, sai ya karanta rubutun da ke jikin cajar. A nan ne karatu yake yi wa mutum rana.

A jikin kowace caja akwai ƙananan rubutu. A nemi inda aka rubuta OUTPUT, wato wutar da cajar ke fitarwa. A gabansa akwai lamba da harafin V, sannan wata lamba da harafin A. Misali, 5V 1A, ko kuma 5V 2A.

Harafin V yana nuna ƙarfin turin wuta. Cajar waya da ta tabilet masu bakin USB duka 5V suke bayarwa. Wannan shi ya sa ɗaya take iya yin aikin ɗaya.

Harafin A kuwa yana nuna yawan wutar da cajar za ta iya zubawa. Tsofaffin cajojin waya da yawa 1A ne. Na tabilet yawanci 2A ne ko sama da haka, domin batirinta ya fi girma. A ɗauka waya tulu ce, tabilet kuma randa. Mai cika randa da moɗa zai cika ta, amma zai daɗe. Mai ƙwarya zai riga shi gamawa. Haka caja mai 1A take cin kusan ninki biyu na lokacin da mai 2A take ci. In ana aiki da tabilet ɗin lokacin caji, wataƙila ma batirin ba zai hau ba. Saboda haka gara a kashe ta, a bar ta ta sha wuta.

To, idan aka juya fa, aka sa wa ƙaramar waya cajar tabilet? Babu laifi. Waya tana jan abin da take bukata ne kawai, ta bar saura. Akwai kuma cajoji masu sauri, waɗanda aka rubuta musu 5V da 9V, wasu har da 12V. Irin waɗannan da 5V suke farawa. Ba sa ƙara ƙarfi sai na'urar da kanta ta nema.

Sai a duba bakin igiyar cajin. Akwai tsohon baki mai shiga ta fuska ɗaya kawai. Akwai sabo mai suna USB-C, wanda yake shiga ta kowace fuska. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta wannan sabon baki ga sababbin wayoyi da tabilet tun watan Disamba na 2024, kuma yawancin sababbin wayoyi da shi suke zuwa. Idan baki ya ƙi shiga, kada a tura shi da ƙarfi. Ramin caji yana karyewa, gyaransa kuma sai an je gari.

Haɗari yana wajen jabun caja. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jabun caja ba ta da nauyi a hannu, rubutunta a dishe, kuma ba a sa mata kayan kariya sosai a ciki ba. Tabilet tana jan wuta na tsawon sa'o'i. Caja mai kyau za ta ɗan yi ɗumi kawai. Jabu kuwa tana iya yin zafi har ta narke, ko ta ja mutum, ko ta tada gobara.

Ga abubuwan da ya kamata kowa ya kiyaye:

1. Idan caja ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, ko tana wari, ko tana ƙara, a cire ta nan take, a daina aiki da ita.

2. Kada a yanke igiya a jona ta kai tsaye da batirin mota ko na babur. Wannan batiri 12V ne, zai ƙone na'urar. Akwai cajar da aka yi musamman don mota, ita ce take rage wutar zuwa 5V.

3. Kada a yi dabarar jona cajar kwamfuta mai zagayayyen baki. Yawancinsu wajen 19V suke bayarwa.

4. Kada a yi caji a kan katifa, ko ƙarƙashin matashi, ko cikin rana. A ajiye a kan dakali ko tebur, nesa da ruwa, nesa da yara.

5. A cire caja kafin a tada janareta. Sai wuta ta daidaita sannan a mayar.

6. Idan batiri ya kumbura, kada a sake caja shi, kada kuma a huda shi. A fitar da shi daga ɗaki, nesa da zana da kara, a kai wa mai gyara.

Mai kai tabilet shagon caji a ranar kasuwa, ya roƙi mai shago ya sa mata caja mai 2A. In ba haka ba, zai biya kuɗi ya koma gida batiri bai cika ba.

Malamai su sa kowane ɗalibi ya zo da cajarsa aji na gaba. Kowa ya nemo harafin V da harafin A, ya karanta lambobin da ƙarfi, ya rubuta su a littafinsa. Wanda ya iya, ya je ya duba wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana rayuka da dukiya, amin.