Ungozoma ta raka mai naƙuda har ɗakin haihuwa

Masu sauraro, na Walewale da Yendi da Salaga, da ku da ke rugage, da fataken hanyar Bawku da Paga.

Yau maganarmu kan ungozoma ce. A Amurka akwai matan da aikinsu rakiyar mai naƙuda ne kawai. Ba sa karɓar haihuwa, ba sa allura. Suna riƙe mata hannu, su kwantar mata da hankali, su isar da kukanta ga ma'aikata. Jihohi irin su Oregon da Minnesota sun yi doka, inshorar lafiya ta talakawa na biyan waɗannan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2018, ta ba da shawarar a bar mace ta shiga ɗakin haihuwa da wanda ta zaɓa.

To mu fa? Tun Yuli 2008 Gana ta ɗauke wa mai ciki kuɗin awo da na haihuwa a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa. Amma kyauta kaɗai ba ta kawo mace asibiti. Yarinya mai cikin fari, kunya ta hana ta ko nishi. Bafulatana ta zo daga ruga, ba ta jin Mampruli, ba ta jin Turanci. Wa zai faɗa wa nas cewa tun jiya take zubar da jini? Ungozomar da ta saba da ita.

Shi ya sa muke kira ga 'yan majalisarmu a Akra su ba ungozoma matsayi a doka: a horar da ita, a ba ta shaida, a biya ta ladan kawo mace asibiti da zama da ita har ta sauka. In ba lada, kawo mai naƙuda asibiti asara ce gare ta, domin goron da take samu a gida ya tafi.

Kafin doka ta zo, malam, kai ma da naka aikin. Kafin ka kora shanu ko ka ɗora kaya zuwa Cinkassé, ka bar kuɗin motokin a hannun uwargida, ka tabbata ta yi katin inshora. In aka ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta kwana ta wuni, kada a jira dawowarka. Ungozoma ta ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin CHPS mafi kusa, ko asibitin Walewale, ko na Nalerigu.

Allah ya raba lafiya. Sai mako mai zuwa.