Rumbun Ilimi da Ɓarayin Intanet: Jawabi a Taron Malamai a Kurmin Kogi



A da, abokan gaban littafi su ne gara da ruwan sama da gobara. Shi ya sa manyan makarantu suka shiga ɗaukar hoton littattafai da kundayen bincike suna zubawa a kwamfuta. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana da rumbun intanet mai suna Kubanni, inda ake ajiye kundayen digiri. Ɗalibinmu na Ikara ko Maƙarfi ko Kudan yana iya karanta su ta wayarsa, ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Sai dai wannan rumbu ma yana da nasa ɓarayin. A watan Oktoba na 2023, wasu masu kutse da ake kira Rhysida suka shiga na'urorin babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya da ke Landan. Suka kwashi bayanai, suka kulle na'urorin, sannan suka nemi kuɗin fansa. Hukumar ɗakin ta ƙi biya, su kuwa suka watsa bayanan, har da na ma'aikata. Sai a watan Janairu na 2024 aka fara maido da kundin neman littattafai. Rahoton da hukumar ta fitar ya nuna cewa mai yiwuwa ɓarayin sun bi ta wata ƙofa ce da kalmar sirri kaɗai ke tsaronta, babu mataki na biyu na tabbatar da mai shiga.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Landan zai iya samun kowace jami'a tamu, kuma mu malaman firamare ba mu tsira ba, tunda sunayen yara da sakamakon jarrabawa da takardun albashinmu duk suna komawa cikin waya da kwamfuta.

Don haka ina roƙonmu abu huɗu. Kada mu ba kowa kalmar sirrinmu, ko da abokin aiki ne ko mai shagon kwamfuta. Mu kunna tsarin da ke turo lamba ta waya kafin a shiga. Kada mu danna saƙon da ba mu san mai aiko shi ba. Mu kwafi duk muhimmin abu a wani ma'aji da ba ya haɗe da intanet, kuma kada mu yar da rajistar takarda don an ɗauki hotonta.

Ina kuma ba reshe shawara ya nemi a shirya mana bita kan wannan batu kafin ƙarshen zango, a gayyato masanan ɗakin karatu daga Zariya su koya mana.